Ƙyallen da Na Yanka Daga Haramin Mijina

Mijina mutum ne mai son gardama, kuma ba ta yi masa daɗi sai a kan abin da ba zai taɓa shafarsa ba. A shekarun da muka yi a Riyad, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci abokansa kan taru a gidanmu na unguwar Ulaisha, hawa na uku, su baje a falon maza. Ni ce mai shinkafa da kaza, ni ce mai shayi, kuma bangon da ke tsakanin kicin da falon siriri ne, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena ake yinsa. Sun tsige shugabanni, sun raba ƙasashe, sun gyara wutar lantarkin Najeriya ya fi a ƙirga, duk kafin a kira la'asar.

Shi injiniya ne a wani kamfanin gine-gine. Ni kuwa ungozoma ce, shekara tara ina karɓar haihuwa a asibitin garinmu kafin ya ɗauko mu, ni da 'yan matanmu biyu. A Riyad ba wanda ya san ni da wannan. A jikin iƙamata, wato katin zama, an rubuta ni 'yar rakiya ce, ba a yarda in yi aiki ba. To, na zama 'yar rakiya. In raka yara bakin motar makaranta da safe, in dawo in raka tukunya.

A shekarar da nake ba da labari ina da ciki na uku, bayan shekara shida shiru. A wannan lokacin ne tashoshin labarai suka ɗauko maganar wata jiha a Amurka da za ta yi ƙuri'a a kan gyara tsarin mulkinta. So suke a rubuta a doka cewa mutum mutum ne tun daga ranar da cikinsa ya shiga, yana da haƙƙi irin na kowa. Mijina ya ji wannan ya ɗauka kamar gadon ubansa aka taɓa. Juma'a uku a jere ba a yi wata magana a falon nan ba.

Abokin karawarsa wani magidanci ne mai karatun shari'a a jami'a, suna kiransa Ustaz. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya ɗaga ta ko an tsokane shi. Shi dai abin da yake maimaitawa shi ne ciki yana da alfarma tun farko, amma rai ba a busa shi sai an cika kwana ɗari da ashirin, kuma hukunce-hukunce da yawa a kan wannan suke. Mijina kuwa sai ya bugi cinya.

"Ustaz, ka bar ni da lissafin kwanaki. Tun daga ɗigon farko mutum ne. Kai da kake zaune nan, ba daga nan ka fara ba? Ga mutanen da ba sa salla sun gane, mu muna ta ƙirgen yatsu."

Ina kicin ina jinsa, ina shafa cikina, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ce a raina, kai ɗan nan ka yi sa'ar uba.

Ran nan da baƙi suka watse, ina kwashe faranti, sai ƙaiƙayin sana'a ya taso min. Na ce masa, "Baban yara, kai da kake ta ranar shigar ciki, ranar shigar ciki, wa ya san ranar? Mu a asibiti daga ranar da mace ta fara jinin al'adarta na ƙarshe muke ƙirgawa. Satin da ka gani a katin awo, akwai kamar sati biyu a ciki da cikin bai ma shiga ba." Ya zaro ido, ya ce in maimaita. Na maimaita, har na ɗauko katina na nuna masa. Juma'a mai zuwa sai ga shi yana zuba wa majalisa wannan bayani tiryan-tiryan, yana cewa kun san kuwa likitoci ba daga ranar suke ƙirgawa ba. Bai ce daga kicin ya samo ba. Ban damu ba a lokacin, dariya ma na yi.

Motsin farko a kasuwar Aziziya na ji shi, wata Alhamis da safe. Can muke zuwa sayen tumatir da albasa kwali-kwali, don ya fi sauƙi. Ina tsaye gaban buhunan albasa, mijina yana ciniki da wani ɗan Yaman, sai na ji abu ya yi wutsil a ƙasan cibiyata. Na haihu biyu, na kuma taɓa cikin mata ɗaruruwa, na san bambancin iska da ɗa. A mota na gaya masa. Ya ce masha Allahu, idonsa a madubi yana baya da mota. Daga ranar kullum sai na ji shi, musamman in na sha ruwan sanyi. Ba ya jiyuwa ta waje tukuna, ni kaɗai ce shaida.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, ranar Litinin da hantsi, ina shanya a baranda na ji ruwa ya biyo ƙafata. Ban ruɗi kaina ba, na san me ke nan. Yara suna makaranta, shi yana wajen gini a bayan gari, mace kuwa ba ta tuƙi a lokacin. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Katsina da ta fi shekara talatin a ƙasar, muna ce mata Hajiya. Kallo ɗaya ta yi min ta jawo abayarta. Ita ta tsayar da tasi, ita ta riƙe ni a kujerar baya tana ta cewa, "Yi ta salati, 'yar nan, yi ta salati."

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Sun yi abin da za su iya, ni ma da ina bakin aiki abin da zan yi ke nan. Bayan azahar ya fito. Na ɗaga kaina na gani da idona kafin a rufe shi. Namiji ne. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna da yatsu ba. Yana da kunne, yana da yatsu biyar-biyar, hannunsa ɗaya a kusa da bakinsa. Nas ɗin da ke kaina 'yar Filifin ce, ta sa shi a wata farar roba mai murfi. Na kama hannunta na ce mata da Turanci ta ajiye min shi, za mu tafi da shi. Ta ce ba damuwa, akwai takarda, uban ne zai sa hannu. A katina an rubuta sati goma sha takwas. Ina kwance na buga lissafin a kaina, kwana ɗari da ashirin da shida. Daga nan suka tura ni wankin ciki saboda mabiyiya ta ƙi fita duka, suka yi min allurar barci.

Da na farka mijina yana zaune a gefen gado, takalmansa duk siminti. Ya yi min sannu, ya riƙe hannuna, idonsa ja. Na ce, "Ka gan shi?" Ya ce in huta tukuna. Na ɗauka tausayi ne ya hana shi magana, sai na ƙyale shi.

A gidanmu na can, in mace ta yi ɓari ba a kiran liman, ba a tara jama'a. Ina 'yar shekara takwas mahaifiyata ta yi ɓarin wata biyar. Kakata ta wanke jinin da ke jikinsa da ruwan ɗumi, ta naɗe shi a farin ƙyalle, mahaifina ya haƙa rami a bayan ɗaki kusa da bishiyar zogale, ya sa shi da hannunsa ya mayar da ƙasa. Shi ke nan. Amma daga ranar ba a zubar da ruwan wanke-wanke a wurin, kuma in muka kai wasa can sai mahaifiyata ta ce, ku matsa, ƙanenku yana nan. Har ta rasu ta san inda ɗanta yake. Abin da na sani ke nan, kuma shi nake nufi da na ce za mu tafi da shi. A bene hawa na uku ba bayan ɗaki, na sani, amma garin yana da maƙabarta, ɗan kuma yana da uba.

Talata da safe aka sallame ni. Muna isa gida, kafin in kwanta, na buɗe durowa ina neman farin ƙyalle mai tsarki. Ban sami wanda ya kwanta min ba sai haramin mijina, wanda ya yi aikin hajji da shi, yana naɗe a leda. Na ɗauko almakashi na yanki kusurwa ɗaya, kamu biyu a tsaye kamu biyu a kwance. Ya ishe shi har ya yi saura. Na turara shi, na ninke, na kai wa mijina a falo.

"Ga wannan. In ka karɓo shi ka kawo min shi tukuna, ni zan naɗe shi, sannan ka kai shi."

Ya kalli ƙyallen, ya kalle ni. Ya ce, "Maman yara, ai an gama da wannan maganar."

Na ce wace maganar aka gama, kuma da wa.

Sai ya fara bayani, irin bayanin nan nasa na majalisa, da hannu da komai. Wai da ya iso asibiti suka ba shi takarda mai zaɓi biyu, ko iyaye su karɓa su binne, ko a bar wa asibiti. Wai sai ya fita baranda ya kira Ustaz. Ustaz ya tambaye shi kwana nawa. Ya ce sati goma sha takwas ne a kati, amma fa lissafin likitoci ne, sai an cire sati biyu. Da aka cire, saura kwana ɗari da goma sha biyu. Kwana takwas suka rage a busa rai. Don haka ba wanka, ba salla, ba suna. Shi ne ya sa hannu a bar musu.

"Sati biyun nan," na ce, "a bakin wa ka ji su?"

Ya kau da kai gefe.

"Ni na ba ka. A nan, a kan wannan dardumar, ina kwashe faranti. Ka ɗauki abin da na koya maka ka je ka rage wa ɗana kwana da shi, ina kwance ban san inda kaina yake ba."

Ya ce ba shi ya rage ba, lissafi ne, kuma ni ma na san gaskiya ne. Nan ne abin ya fi ci min rai, don na san gaskiya ne. Tun ina kan gadon asibiti na san akwai sati biyun nan, na dai ƙi duba wajensu. Na ce masa, "Na ji. Ban ce a yi masa salla ba, ban ce a yanka rago ba. A garinmu ma ba a yi. Cewa na yi ka karɓo min ɗana a binne shi a inda za mu sani. Kai ne fa mai ɗigon farko. Juma'a uku kana hana mutane cin abinci da ɗigon farko. Wannan yana da yatsu."

Ya ce in ji tsoron Allah in daina ɗaga murya, jikina ba ƙwari. Sannan ya ƙara da cewa, af, Ustaz ya ce a gaya min tunda halitta ta bayyana, jinin da nake yi jinin biƙi ne, in ajiye salla har ya ɗauke. Wannan saƙon ya kawo min shi cif, bai zubar da ko kalma ba. Wato ni mai jego ce a hukunci, abin da na haifa kuwa yana cikin roba a firijin mutane.

Daga baya ya sauko da murya ya faɗi abin da ke ƙasa. Iƙamarsa tana hannun wakilin kamfani ana sabuntawa. Karɓo ɗan yana bukatar takarda daga asibiti, a kai wani ofis a buga hatimi, a samo izinin binnewa, kuma ko'ina iƙama za a fara tambaya. Ga shi a satin nan suke zuba kankaren bene, mudir ɗinsu, wato shugaban aikin, ba ya jin uzuri. Ya ce ya ga na sha wahala, ya so ya rage min. Na ce ni ka rage wa ko kanka? Yana da takardar shaida daga kamfani da yake yawo da ita, da ita ya je kasuwar Batha sayen waya a satin da ya wuce, ba wanda ya kama shi. Na ce ya koma ya ce ya canza shawara. Ya ce to, gobe in Allah ya so.

Laraba ya tashi ya sa hular kwano a mota ya tafi wajen kankarensa. Ya kira da rana ya ce bai samu fita ba. Alhamis da Juma'a su ne hutun mako a lokacin, ofishin da ke riƙe da takardun a rufe yake. Ranar Alhamis ɗin nono ya kawo min. Na tashi na ga gaban rigata a jiƙe, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse. Na sha gaya wa mata cewa hakan na faruwa, in ce su ɗaure da zane su yi haƙuri. Na ɗaure da zane, na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda ban yi a asibiti ba. Ƙaramar 'yata ta leƙo ta tambaye ni da Larabcinta na makaranta ina jaririn. Na ce yana asibiti, kuma ba ƙarya na yi ba, haka na zata.

Asabar ban jira shi ba. Na sa ƙyallen a jaka, Hajiya ta sake tsayar da tasi. Aka yi ta tura mu daga wannan taga zuwa waccan, ina tafiya ina dafa bango, har muka isa wani ɗan ofis a ƙasan ginin. Mutumin da ke ciki bai yi mana wulaƙanci ba, gara ma a ce ya yi, da na sami wanda zan zaga. Hajiya ce ta yi magana, don Larabcinta ya fi nawa. Ya fara da cewa sai uban ya zo. Hajiya ta ce ya dai duba mana. Ya duba littafinsa, ya bi layi da yatsa, ya ce halas, wato an gama, an kwashe ranar Laraba da la'asar.

Na ce a tambaye shi ina aka kai. Ya ce an binne, su ba sa zubarwa, haramun ne. Ana tara su ne da sauran abin da aka cire daga jikin mutane, ƙafar da aka yanke da makamantansu, mota ta zo ta ɗauka a kai maƙabarta. Wace maƙabarta? Ya ɗaga kafaɗa. Wani lokaci ta kudu, wani lokaci ta gabas, ya danganta da direba da inda aka buɗe rami. Ba lamba, ba alama. Ya ce Allah ya mayar da alheri, ya kalli wanda ke bayanmu.

Ranar Laraba da la'asar. Da mijina ya fita awa biyu ranar nan da safe, da ya same shi. A tasi Hajiya ta ce, "'Yar nan, ƙasa duk ta Allah ce, an dai rufe shi." Na ce na sani, Hajiya. Na san ta faɗa ne don ta sanyaya min, amma ita 'ya'yanta biyu da suka rasu ta san layin da suke a maƙabarta. Da mijina ya dawo daga aiki na gaya masa a tsaye, a bakin ƙofa. Ya yi salati, ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ce ta fitar da shi daga cikina, wannan na karɓa da hannu biyu. Sa hannun kuwa da biro aka yi, kuma na san mai biron.

Talatar da ta biyo baya ita ce cikar kwana ɗari da ashirin a lissafinsu. Ba wanda ya tuna sai ni. Na yi wa yara wainar fulawa, na wanke banɗaki, na kwanta.

Juma'ar farko abokansa sun zo sun yi jaje a tsaitsaye sun tafi. Ta biyu kuwa majalisa ta dawo daram. Ya tambaye ni ko zan iya girki ko ya sayo a gidan abinci. Na ce zan iya. Ina son in ji da kunnena ko zai iya buɗe baki. A satin ne labari ya zo cewa mutanen jihar can sun yi ƙuri'arsu, gyaran bai wuce ba. Wani ne ya ɗauko zancen, ba shi ba, wannan kam na shaide shi. Na tsaya da butar shayi a hannu ina jira. Sai na ji ya gyara murya.

"Ai ni ban yi mamaki ba. Mutanen da suka mayar da ɗan tayi kamar shara, me za ka jira daga gare su? Abu yana da rai, yana da haƙƙi, don dai ba ya iya magana."

Tun da muka zo ƙasar ban taɓa shiga falon maza da baƙi a ciki ba. Tire nake ajiyewa a bakin ƙofa in ƙwanƙwasa. Ran nan na zura hijabi, na ɗora kofuna a tire, na ɗora ƙyallen a ninke a gefensu, na yi sallama na shiga. Su bakwai ne. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyara zama. Na ajiye tiren a tsakiya, na ɗauki ƙyallen na buɗe shi a gaban mijina.

"Baban yara, ga likkafanin ɗanka, bai samu shiga ba. Tunda kana da sauran magana a kan haƙƙin waɗanda ba sa iya magana, ka yi ta a gabansa."

Ba wanda ya motsa. Ustaz ne ya fara ɗago kai, ba ni ya kalla ba, mijina ya kalla. A hankali ya ce, "Injiniya, ba ka binne shi ba? Ai na ce maka ba salla, amma a naɗe shi a ƙyalle a binne. Sau biyu na faɗa."

Ashe an faɗa masa. Rabin fatawar ya kawo gida, rabin da zai sa shi yawon ofis ya bari a barandar asibiti. Wallahi har lokacin ina ba shi uzurin cewa bai sani ba, ya ji ba salla ya ɗauka ba komai. Na tsaya ina kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya fara zubewa, don ya ƙi ɗagowa. Na ninke ƙyallena na fita da shi. Ban kai ga rufe ƙofar kicin ba na ji ana neman takalma. Shinkafar ranar Hajiya na kai wa, ta raba wa masu gadi.

Mun yi wata biyu ba ma magana sai ta dole. Ya ba ni haƙuri, ba sau ɗaya ba, har da hawaye. Ya je ofishin nan da kansa bayan iƙamarsa ta fito, aka gaya masa abin da aka gaya min. Ihu bayan hari. Na haƙura da zaman, don akwai yara, kuma ba mugu ba ne, matsoraci ne mai baki. Amma sauran shekarun da muka yi a Riyad, duk katangar maƙabartar da muka wuce a mota sai na yi sallama, ta kudu da ta gabas da wadda ban san sunanta ba. Majalisa ta ci gaba a gidan wani. In aka zo maganar ciki da rai, an ce min tashi yake ya ce zai yi alwala.

Na sa wa ɗana suna. Ustaz ya ce ba a sa wa, ban yi gardama da shi ba, ban yanka komai ba, ban sanar da kowa ba. A raina na sa. Mijina ya gane, don wata rana ya ji ina addu'a, ya tambaye ni wane suna ne. Na ce kwana takwas suka rage kafin ka ji shi.

Yanzu mun dawo gida, 'yan matan sun yi aure, shi kuma hawan jini ya fara taɓa shi. Kwanakin baya ya sa aka sauko da akwatunan da muka dawo da su. Ya ciro haramin daga ledarsa, ya ce in ta Allah ta kasance da shi yake so a yi masa likkafani, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Ya warware shi a kan gado, sai ga giɓin a kusurwa, kamu biyu da kamu biyu, bakin yankan ya fara zare. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ko ƙyallen yana nan, a ba tela ya mayar.

Na ce yana nan, amma ba za a mayar ba. Na riga na gaya wa babbar 'yata inda yake, a ƙirjina za a sa shi ranar da za a naɗe ni. Shi kuwa za a yi masa duk abin da ake yi wa mutum, wanka da salla da kabari mai alama, ni da kaina zan miƙa haramin in ina raye na ga ranar. Da giɓinsa za a rufe shi.